Za a kafa ƙarfen sabis jikin katangarmu, mai filin kuma aminin mahaifina ne

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Rigasa, ina zaune a gidan da mahaifinmu ya bari tare da mahaifiyata da maiɗakina da yara. Maƙwabcinmu na bayan gida dattijo ne, aminin marigayi mahaifina, shi ya tsaya mini a aurena, Baba muke ce masa. Ya ba wani kamfani hayar kangon filinsa za su kafa ƙarfen sabis. Ba wanda ya gaya mana, sai dai muka ga an haƙa rami jikin katangarmu, an sauke tsakuwa da rodi. Rijiyarmu tana wannan kusurwar, ɗakin Hajiya ma nan yake. Maiɗakina tana da juna biyu, kullum ana turo mata saƙo a WhatsApp cewa ƙarfen nan yana sa ciwon daji da ɓarin ciki, har ta daina barci. Samarin layinmu sun ce in ba su baki su cike ramin da daddare. Hajiya kuma ta ce ba da yawunta ba in kai ƙarar Baba ko'ina. Na rasa inda zan sa kaina. Me zan yi?

Wani malamin makaranta, Rigasa, Kaduna

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, Allah ya sauki maiɗakinka lafiya.

Ka bi maganar Hajiya, domin tana kan gaskiya, kuma bin maganarta ba zai hana ka kare gidanka ba. Baba fili ya bayar haya. Ba shi ya zana inda za a haƙa ramin ba, ba shi doka ta ɗora wa neman izini ba, ba kuma shi zai amsa tambaya in an karya ƙa'ida ba. Duk wannan yana wuyan kamfanin da zai mallaki ƙarfen. Saboda haka kana iya bin haƙƙinka har ƙarshe ba tare da sunan Baba ya shiga takardar ƙara ko ɗaya ba.

Samarin nan kuwa ka taka musu burki yau ɗin nan, kada ka bari sai gobe. Ranar da aka wayi gari an cike ramin, gidanku za a fara nunawa, kai kuma ma'aikaci ne mai suna da adireshi, ga tsohuwa ga mai ciki a hannunka. Ɓarnar dukiyar wani laifi ce ko ba a kafa komai ba tukuna. In an riga an kafa kuwa abin ya fi haka nauyi, domin a 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a wani umarni da ya saka kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da ake karewa, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga wanda ya yi wa irin waɗannan kadarori ta'adi. Ka gaya musu ka gode da kishinsu, abin da kake so daga gare su shi ne sa hannu a takarda in lokacinta ya yi.

Maganar maiɗakinka ta fi damuna, don rashin barci da fargaba ga mai juna biyu cuta ce da ta riga ta shigo gida tun ba a kafa ƙarfe ba. Ka zauna da ita ka yi mata bayani a tsanake, ban da tsawa, ban da cewa jahilci ne. Abin da eriyar ƙarfen sabis take fitarwa igiyar rediyo ce, dangin wadda gidajen rediyo da talabijin suke watsawa, mutanen Kaduna kuwa tun 1962 suke rayuwa da gidan rediyo da talabijin a garinsu. Wannan ba irin tururin injin ɗaukar hoton ƙashi na asibiti ba ne, wanda ake hana mai ciki kusantarsa. Shi wancan yana da ƙarfin taɓa ƙwayoyin halittar jiki, igiyar rediyo ba ta da wannan ƙarfin. Illarta da aka tabbatar ita ce ɗumama jiki in ta yi yawa ƙwarai, shi ya sa ake gargaɗin ma'aikatan da ke hawa can sama su tsaya dab da fuskar eriya. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa awon da aka yi a ƙasashe ya nuna abin da ke isa ga jama'a daga irin waɗannan turaku bai wuce kashi 2 cikin 100 na iyakar da aka gindaya ba, a wasu wuraren ma ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba, kuma babu gamsasshiyar hujja ta kimiyya cewa yana cutar da lafiya.

Akwai abin da zai ƙara kwantar mata da hankali. Eriyar tana can sama tana fuskantar nesa, kamar fitilar babbar mota da ke haska titi can gaba ba ta haska tayarta ba. Gidan da ke gindin ƙarfen ba shi ne a gaban ƙarfin siginar ba. Wayar da take riƙe da ita a kunne ta fi isar mata da wannan igiya fiye da ƙarfen da ke bayan gida, kuma waya tana ƙara ƙarfin abin da take fitarwa ne a inda sabis ya yi rauni. Idan wani ya kawo muku zancen cewa a 2011 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka igiyar rediyo a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa cutar, gaskiya ne an yi haka. Rukuni ne na abin da hujjarsa ba ta da ƙarfi amma ake son a ci gaba da bincike, kuma binciken da aka fi dogara da shi a kan masu yawan kara waya a kunne aka yi shi. Ranar awonta ka raka ta, ta yi wa likita ko ungozoma tambayar da bakinta. Abin da ta ji daga gare su zai fi zama mata a rai fiye da abin da za ta ji daga gare ka.

Ina jaddada wannan ne don wani dalili kuma. Duk wanda ya shiga ofis da takarda yana cewa ƙarfe zai sa masa ciwon daji, amsa a shirye take, za a karanta masa abin da na faɗa yanzu a sallame shi. Abubuwan da za su tsayar da aiki su ne waɗanda ake aunawa da tef, ake ji da kunne, ake shaƙa da hanci, kuma a nan ne ainihin damuwarku take.

Babba a cikinsu janareta. Da yake wutar lantarkinmu ba ta tsayawa, mafi yawan waɗannan wurare da man gas suke kwana, ko da yake yanzu ana haɗa wasu da sola da batura. Ka je ka tsaya gefen wani tsohon ƙarfe a unguwarku bayan sallar isha'i. Ka saurari ƙugin injin, ka duba inda bututun hayaƙi ya fuskanta da yadda ya baƙanta bangon da ke gabansa, ka duba ƙasan tankin mai ko akwai baƙin danshi da ya malalo ta ƙarƙashin shinge. Wannan ɗin ne zai kwana jikin ɗakin Hajiya shekara da shekaru in ba a yi magana yanzu ba. Man da ke ɗiga daga tanki ko baƙin man da aka juye lokacin gyaran inji ƙasa yake shiga, damina ta tura shi, rijiyar da ke kusa kuma ita ce mafi sauƙin isa gare shi. Rijiyar da gas ya shiga ba a gyara ta da yasa ɗaya ko biyu. Sai kuma iskar farkon damina da tsawa, waɗanda suka sa ingancin fandisho da wayar da ke sauke tsawa zuwa ƙasa ba abin wasa ba ne ga wanda ɗakin kwanansa ke gindin ƙarfe.

Duk waɗannan akwai rubutacciyar ƙa'ida a kansu, sai dai a hannun hukumomi daban-daban take, wannan ne ke rikita mutane. Harkar sadarwa ta gwamnatin tarayya ce, hukumar NCC ce ke kula da ita a ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2003. A 2009 ta fitar da ƙa'idojin kafa turaku, inda ta ce a bar tazarar aƙalla mita 5 tsakanin turke da gidan da ya fi kusa. A cikinsu ta ce janareta ma a nesanta shi da gidaje, ya kasance mai murfin rage ƙara, kada a juya bututun hayaƙinsa wajen gidan kowa, kuma mai ƙarfen ya yi masa inshorar da za ta biya wanda ya cutu in ya faɗi. Hukumar kula da ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, ta zo da nata dokokin a 2011, ta ce mita 10 daga katangar gida ko makaranta ko asibiti zuwa gindin ƙarfen. An daɗe ana kai ruwa rana tsakanin hukumomin biyu a kan wannan bambanci. Kai dai ka kafa hujjarka a kan mita 10, in kuma awonka bai kai ko mita 5 ba, to aikin ya saɓa wa duka biyun. Ban da su akwai dokar tantance illar aiki ga muhalli ta 1992, akwai kuma hukumar jiragen sama ta NCAA da ke ba da izinin tsawo, abin da ke da muhimmanci a garin da ke da filin jirgi da sansanin sojin sama a Mando.

Amma ƙofar da ta fi kusa da kai ta jiha ce. Tun 2003 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar da Jihar Legas ta yi da gwamnatin tarayya, cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. A Kaduna wannan aikin hukumar tsara birane ta jiha ne, wato KASUPDA. Mutane sun fi saninta da jan fenti da rusau, amma ita ce kuma ke duba zanen aiki kafin a fara, ita ke da ikon cewa a dakata. Lasisin da kamfani ya karɓo daga Abuja bai ɗauke masa neman izinin gini a Kaduna ba. Ƙara da hayaƙi da gurɓatar ruwa kuma akwai hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA. Mai unguwa da hakimi ba su da ikon bayar da izini ko soke shi, amma kada ka tsallake su, zan gaya maka dalili.

Gobe da safe ka ari tef wajen magini ko kafinta. Daga cikin gidanku ko daga kan hanya, ba tare da ka shiga filin mutane ba, ka auna abin da za ka iya aunawa: daga katangarku zuwa bakin ramin, daga rijiya zuwa ramin, daga bangon ɗakin Hajiya zuwa katanga. Ka ɗauki hoto tef ɗin yana miƙe lambar tana fitowa, ka rubuta kwanan wata. Ka ɗebi ruwan rijiyar a kai gwaji tun yanzu da ba a sauke ko lita ɗaya ta mai a wurin ba, ka adana sakamakon. Cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa tana nan Mando, ka fara tambaya a can. Wannan takardar ce za ta yi maka magana in wata rana ruwan ya canza wari aka ce dama haka yake.

Daga nan sai Baba, kafin kowane ofis. Ka je da kanka bayan la'asar ko bayan magariba, ka zauna a ƙasa yadda ka saba, ka gaishe shi. Kada ka fara da me ya sa ba a gaya mana ba, ko da yake ya kamata a ce an gaya muku. Ka ce masa, Baba, mun ga aikin da aka fara, Allah ya sa alheri, ga rijiyarmu ga ɗakin Hajiya, na zo ne ka taimaka mini in gana da masu aikin su ja da baya kaɗan. Ina kyautata zaton dattijon nan bai san inda ramin zai faɗa ba sai da ya gani. Abin da aka saba shi ne dillali ya zo da takarda da kuɗin hayar shekaru a dunƙule, mai fili ya sa hannu, sauran bayani sai injiniyoyi. Mutumin da ya tsufa, ƙila ba fansho, kuɗi irin wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne a wurinsa, kada ka nuna masa kana son ya rasa shi. Shi ma yana da amfani a cikin tambayoyinka, domin in aka kafa ba bisa ƙa'ida ba aka zo aka rufe wurin, filinsa ne zai shiga rigima. In ya yi karatun zaure ya san abin da Risala ta kawo a ƙarƙashin hadisin babu cuta babu cutarwa, cewa ba a barin mutum ya haƙa abin da zai cutar da maƙwabcinsa ko da a cikin mallakarsa ne. Ba sai ka karanta masa ba. In ana bukatar a tuna masa, limamin unguwa ya fi ka dacewa da wannan.

Abin da kake nema a wurinsa sunan kamfanin da ya sa hannu da shi ne. Da yawa suna ɗauka kamfanin layin da ke wayarsu ne mai ƙarfen, su yi ta kiran lambar kula da abokan hulɗa a banza. Tun 2014 MTN ya miƙa turakunsa fiye da 9,000 ga kamfanin IHS, Airtel kuma ya sayar da kusan 4,800 ga American Tower. Yau mafi yawan ƙarafan nan na kamfanonin turaku ne, kamfanonin waya haya suke yi a kansu, sau da yawa biyu ko uku a ƙarfe ɗaya. Masu haƙa ramin kuma ma'aikatan ɗan kwangila ne, faɗa da su ɓata baki ne. Ka tambayi shugabansu cikin mutunci sunan mai aikin da lambar wurin, ka kuma ce a nuna maka izinin KASUPDA.

Sannan ka sanar da mai unguwa, ka roƙe shi ya kira zama da wakilin kamfanin, Baba yana zaune, sauran maƙwabtan da katangarsu ta taɓa filin suna nan. Amfanin wannan shi ne maganar ta tashi daga rigimar gida biyu ta zama ta unguwa, Baba ya fita kunya, Hajiya kuma ta ga ba ɗanta ne ya ja aminin mijinta gaban hukuma ba. A zaman nan ka faɗi bukatunku ɗaya bayan ɗaya: a matsar da gindin ƙarfen ya cika tazara, a kai janareta da tankin mai can ɗaya kusurwar nesa da rijiya, a yi wa tankin daɓen kankare mai baki da zai tare abin da ya zuba, a juya bututun hayaƙi, a sa inji mai murfi, in da hali a haɗa da sola don ya riƙa hutawa da dare. Duk abin da aka amince a rubuta, wakilin ya sa hannu da sunansa da muƙaminsa.

Kada ka jira sakamakon zaman kafin ka rubuta wa KASUPDA. Tun ran gini tun ran zane: matsar da rami aikin yini ne, amma in aka zuba kankare aka ɗaure ƙarfe aka kunna, har unguwa ta fara jin daɗin sabis, ba kamfani kaɗai ba, maƙwabtanka ma ba za su so a taɓa shi ba. Takardar ta zama shafi ɗaya. Ka faɗi adireshin wurin, da awon da ka yi, da rijiya, ka roƙi a tabbatar ko an ba da izini kuma a turo jami'i ya duba kafin a ci gaba. Ka ambaci kamfani, ka bar sunan mai fili. Ka haɗa hotuna, maƙwabta su sa hannu, ka yi kwafi, ka kai da hannunka, kada ka bar teburin sai an buga wa naka kwafin hatimi da kwanan wata. Irinta ka kai KEPA da ofishin NESREA, ka aika wa NCC da kamfanin. In an yi shiru ka koma da kwafinka mai hatimi. In shirun ya yi tsawo aiki kuma yana tafiya, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da ba a biyan ko sisi, bayanta kuma sai lauya ya nemi kotu ta dakatar da aikin, kamfanin ne wanda ake ƙara.

Mai yiwuwa wani ya zo maka da ambulan da sunan a ba Hajiya ta sayi goro. Kada ka karɓa, musamman in akwai takardar da za ka sa wa hannu. Yawanci abin da ke cikinta shi ne maƙwabci ya yarda ba shi da ƙorafi, ranar da rijiya ta lalace kuma ita za a fito maka da ita.

Ka shirya wa ɗaya yiwuwar kuma. Jami'i zai iya zuwa ya auna ya ce tazara ta cika, takardu sun cika. In haka ta faru ba ka da hurumin hana Baba cin amfanin filinsa, kuma ban ga dalilin da za ka so hakan ba. Mun ga abin da rashin sabis yake yi lokacin da aka katse layuka a wasu sassan jihar nan daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021, masu POS suka rufe, mai mara lafiya da dare ya rasa yadda zai kira mota. Unguwa mai yawan jama'a irin Rigasa dole a kafa ƙarfen nan a bayan gidan wani. Abin da ya rage maka a lokacin shi ne sharuɗɗan janareta da tanki da kuka rubuta, da lambar wanda za ka kira a kamfanin in inji ya fara hayaƙi ko mai ya zuba. Ka riƙa maimaita gwajin ruwan rijiyar bayan kowace damina kana haɗa sakamakon da na farko, in kuma ƙarar ta dami Hajiya duk da haka, ku yi musayar ɗaki da ita kafin a gama bin takardu.